Yadda Ake Zaɓar lo, le da la a Lojban, da Jera Ma'auni Ba Tare da Ma'ana Ta Juye Ba

Tun da muka fara zaman koyon Lojban, wani ƙirƙirarren harshe da aka gina bisa ƙa'idojin mantiƙi, tare da wasu 'yan tsirarun matasa a nan Kaduna, tambaya ɗaya ce take ta dawowa. Mutum zai haddace kalmomi ɗari biyu, ya iya gaisuwa, ya iya cewa ya tafi kasuwa. Amma da zarar ya zo rubuta "ina neman makanike" ko "ba kowa ne ya zo ba", sai alƙalami ya tsaya. Shin *lo* zai sa ko *le*? Ina lamba za ta zauna? Me ya sa aka ce jimlarsa ta faɗi abin da bai nufa ba?

Abin da na lura shi ne, yawancin masu ruɗewa ta wani harshe suke bi kafin su iso Lojban, alhali Hausar bakinsu ta riga ta raba waɗannan abubuwa. Bahaushe ya san "makanike", "makaniken" da "wani makanike" ba ɗaya ba ne. Don haka duk matakan da ke ƙasa daga Hausa suke tashi, kuma ga Hausa suke komawa.

1. Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar littafin rubutu guda, biro kala biyu, da wayar da ke hawa intanet. Ba a sayen komai na Lojban, kuɗin data ne kawai zai fita daga aljihunka, shi ma ba mai yawa ba tunda duk rubutu ne.

Ka buɗe ƙamus, wato *la sutysisku*. Ka nemi manhajar da ke tantance ginin jimla, irin su *camxes* ko *jbofi'e*. Sai babban littafin nahawun harshen, The Complete Lojban Language na John Cowan, wanda ya fito a 1997 kuma ana karanta shi kyauta a intanet. Babi huɗu ne suka shafi aikinmu: na 6 kan kalmomin da ake kira *gadri*, wato irin su *lo*, *le* da *la*, na 11 kan cusa jimla cikin jimla, na 15 kan korewa, na 16 kan ma'auni, wato kalmomin da ke faɗin yawa, irin su "kowane" da "aƙalla ɗaya".

Gargaɗi: littafin ya girmi wata gyara da aka yi wa *lo* a tsakiyar shekarun 2000, wadda ake kira *xorlo*, shawarar Jorge Llambías. Masu amfani da harshen a yau bisa gyarar suke tafiya. Duk inda bayanin *lo* na babi na 6 ya saɓa da abin da ke nan, dalilin ke nan.

Kan furuci kuwa, abu huɗu sun ishe ka a yau: *c* ana faɗinta "sh", *tc* ita ce "c" ɗinmu, *x* kamar "kh" ta Larabci, alamar ' kuma "h" ce. Saboda haka *su'o* "suho" ake cewa.

2. Rubuta jimlar da Hausa, ka duba gurabun kalmar

Kar ka fara da Lojban. Rubuta abin da kake nufi da Hausa cikakkiya, ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da zancen. Ita ce za ta zama *selbri*. Sannan ka je ƙamus ka ga gurabunta, domin kowace kalma ta asali tana zuwa da jerin gurabu a ƙayyade. *catke*: na 1 yana tura na 2. *vecnu*: na 1 yana sayar da na 2 ga na 3 a kan farashi na 4. *cikre*: na 1 yana gyara na 2. Abubuwan da ke cika gurabun su ne *sumti*, kuma aikin *gadri* shi ne ya ɗauki kalma irin *nanmu* (namiji) ya mai da ita abin da zai iya cika gurbi.

*lo nanmu cu catke lo karce*
Namiji yana tura mota.

Gargaɗi: kar ka manta *cu*, kalmar da ke raba *sumti* na farko da *selbri*. In ka rubuta *lo nanmu catke lo karce*, kalmomin *nanmu* da *catke* za su manne su zama "mai turi namiji", ka tashi da sunaye biyu a jere ba zance. Abin da ya sa wannan kuskure yake daɗewa a hannun mutum shi ne manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, don a nahawu guntun magana ma halas ne.

3. Zaɓi gadri

Yi wa kanka tambaya uku a jere.

Ta farko: suna nake kira? In eh, *la* ne. Sunan da aka aro dole ya ƙare da baƙi, a kuma ɗan dakata gabansa da bayansa, shi ya sa ake sa ɗigo: *la .kadunas.*, *la .audus.* Laƙabi kuwa ana iya barinsa da kalmar Lojban. Wanda ake yi wa laƙabi da Zaki a unguwa *la cinfo* ne, ba wanda zai ɗauka kana nufin dabbar daji.

Ta biyu: akwai wani abu takamaimai a zuciyata, wanda kalmar da na zaɓa hanya ce kawai ta nuna maka shi? In eh, *le* ne. Shi *le* ba ya rantsuwa cewa siffar gaskiya ce. A ce da magariba ka hango wani abu a bakin kwata ka ɗauka kare ne, da ka matsa ka ga akuya. Kana iya cewa:

*le gerku cu kanba*
Wancan da na kira kare, akuya ce.

Ta uku, in biyun farko ba su hau ba, ko kuma kana shakka: *lo*. Wannan shi ne gadri na yau da kullum, kuma ni shawarata ga mai koyo ita ce ya riƙe shi har sai ya sami dalilin sakinsa. *lo kanba* na nufin abin da yake akuya. Ba ya faɗin guda nawa, ba ya faɗin wacce.

*lo kanba cu citka lo rismi*

Wannan na iya zama "akuya ta ci shinkafa", "awakin suna cin shinkafar", ko "akuya dai tana cin shinkafa" a matsayin ɗabi'arta. Muhallin magana ne ke warwarewa, kamar yadda muke cewa "akuya ta shiga gona" ba wanda ya tambaye mu lissafi.

Gargaɗi na farko: kar ka ɗaura madanganci na Hausa, wato -n da -r na "littafin" da "motar", a wuyan *le* kai tsaye. "Motar ta lalace" yana fita daidai da *lo karce*, muddin abin mota ce da gaske kuma mai sauraro ya san zancen. Na ga masu zuba *le* a duk inda Hausa ta sa -n, har rubutunsu ya zama kamar mai nuni da yatsa a kowace kalma.

Gargaɗi na biyu: a tsohon tsari *lo gerku* na nufin "aƙalla ɗaya daga cikin dukkan karnukan duniya". Wannan ɓoyayyen lissafi shi *xorlo* ta cire. Yanzu in ba ka rubuta ma'auni ba, to babu shi.

Akwai sauran dangi da za ka ci karo da su. *loi* da *lei* na nuna taro da ya yi abu a dunƙule. *lo'i* da *le'i* na nufin rukuni irin na lissafi, wanda yake da mambobi da girma amma ba ya cin abinci ba ya tura mota. *lo'e* na nufin irin abin a bisa al'adarsa: *lo'e kanba cu citka lo srasu*, akuya ciyawa take ci. Ka san su, amma a watan farko ba sai ka taɓa su ba.

4. Sa lamba: ciki ko waje

Lambobin su ne *no, pa, re, ci, vo, mu, xa, ze, bi, so*, daga 0 zuwa 9. Ƙara musu *ro* (duka, kowane), *su'o* (aƙalla ɗaya), *su'e* (bai wuce ba), *so'i* (da yawa). Wurin da ka ajiye su shi ne komai.

Mota ta mutu a kan gadar Kawo, maza uku suka taru suka tura ta gefe.

*lo ci nanmu cu catke lo karce*

Lamba tana bayan *lo*, wato ciki. Aikinta kawai ta faɗi yawan mutanen da ake zance: su uku ne. Ba ta ce kowanne ya tura shi kaɗai ba, ba ta hana su haɗa ƙarfi ba. Wannan ita ce jimlar da ta dace da labarin.

*ci lo nanmu cu catke lo karce*

Yanzu lamba ta fito waje. Ma'ana ta zama: a cikin mazan, uku ne cif waɗanda kowannensu ya tura motar. Lambar waje ƙirga take yi, ɗaya bayan ɗaya. Ana haɗa biyun: *re lo mu nanmu* biyu daga cikin maza biyar ɗin, *ro lo mu nanmu* kowanne daga cikin su biyar. In kuma ka yar da *lo* ɗin ka ce *ci nanmu*, lambar waje ce har yanzu, tana ƙirga cikin duk mazan da zance ya shafa.

Gargaɗi: lambar waje cif-cif take. *pa nanmu cu catke lo karce* ba "wani mutum ya tura mota" ba ne. Cewa ka yi mutum ɗaya tak ya tura, babu na biyu. In "wani" kake nufi, *su'o nanmu* za ka rubuta.

Nan kuma ga inda 'yan dako za su iya koya wa ɗalibi darasi. Ka ga maza uku a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sun ɗauko buhu biyu. In ka rubuta

*ci nanmu cu bevri re dakli*

ka ce maza uku, kowannensu ya ɗauki buhu biyu. Buhunan na iya kai shida. Abin da idonka ya gani kuwa shi ne

*lo ci nanmu cu bevri lo re dakli*

maza uku, buhu biyu, shi ke nan. Hausa tana da maganin wannan a bakinta, tana cewa "buhu biyu" ko "buhu bibbiyu". Duk lokacin da ka jera lambobin waje biyu, ka karanta ta biyun da ninki, "bibbiyu", "uku-uku", ka ji ko abin da kake nufi ke nan.

5. Jera ma'auni bisa hurumi

Ƙa'idar gajera ce: ma'aunin da ya fara fitowa daga hagu shi ke da hurumi a kan wanda ya biyo shi. Na baya a ƙarƙashin na gaba yake.

Mu shiga layin teloli a Kasuwar Barci. *fenso* mai ɗinki, *minji* na'ura, a nan keken ɗinki, *pilno* na 1 yana amfani da na 2.

*ro fenso cu pilno su'o minji*
Kowane tela yana da keken da yake aiki da shi.

Kowa da nasa, ko wasu su yi tarayya, jimlar ba ta damu ba. Yanzu juya ta da *se*, kalmar da ke musanya gurbi na 1 da na 2:

*su'o minji cu se pilno ro fenso*
Akwai wani keke da kowane tela yake aiki da shi.

Keke ɗaya, duk layin a kansa. Jimla ta farko gaskiya ce a kowace rana ta kasuwa, ta biyu kuwa da wuya ta taɓa zama gaskiya.

Gargaɗi: za ka ji ana cewa *se* ba ya canza ma'ana, yana sauya jeri ne kawai. Haka ne in babu ma'aunin waje. *mi viska do* (ina ganinka) da *do se viska mi* abu ɗaya ne. Amma da zarar akwai *ro* da *su'o* a jimla ɗaya, sauya jeri sauya hurumi ne. Haka abin yake in da *fa* da *fe*, masu nuna gurbi na 1 da na 2, ka yi juyin. Ba lambar gurbi ake dubawa ba, wanda ya riga fitowa ake dubawa.

Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka fitar da ma'aunan gaba ɗaya zuwa goshin jimla, ka rufe da *zo'u*. Ana amfani da *da, de, di* a matsayin "wani abu", sai *poi* ya taƙaita su:

*ro da poi fenso ku'o su'o de poi minji zo'u da pilno de*
*su'o de poi minji ku'o ro da poi fenso zo'u da pilno de*

Dubi yadda ƙarshen jimlolin biyu yake iri ɗaya, goshin ne kawai ya bambanta. Ka rubuta *ro* da jan biro, *su'o* da shuɗi, ka karanta da Hausa daga hagu: "ga kowane tela, akwai keke", ko "akwai keke, wanda ga kowane tela". Sai ka tabbatar da goshin ka koma ga gajeren salo.

Gargaɗi: *ku'o* ɗin nan ba ado ba ne, shi ke rufe abin da *poi* ya buɗe. In ka cire shi, *su'o de* zai faɗa gurbi na 2 na *fenso*, ya zama abin da telan ke ɗinkawa. Sannan *da* shi kaɗai, ba ma'auni a gabansa, *su'o da* ne, yana shiga layi kamar kowa.

Shi *lo* fa? Ba ya shiga wannan layi. *ro fenso cu pilno lo minji* daidai yake da "kowane tela da keke yake aiki". Ba ka ce ɗaya ba ne, ba ka ce kowa da nasa ba, kuma juya jimlar da *se* ba ya taɓa ma'anarta. Masana harshen sun yi doguwar muhawara kan yadda za a fassara irin wannan *lo* da ke zaune bayan *ro*, amma ga mai rubutu amfanin a fili yake: in lissafin bai dame ka ba, bar shi a *lo*, in ya dame ka, fito da *su'o* ka ba shi wurinsa.

6. Ajiye korewa a inda take

Malami ya shiga aji ya fito. Abu biyu zai iya faɗa, kuma tazararsu kamar sama da ƙasa: "ba kowane ɗalibi ne ya zo ba", ko "ko ɗalibi ɗaya bai zo ba". A Lojban *naku* tana bin layi ɗaya da ma'auni, tana kore abin da ke damanta kawai.

*naku ro tadni cu klama*
Ba kowane ɗalibi ne ya zo ba.

*ro tadni ku naku klama*
Kowane ɗalibi, bai zo ba (*ku* ɗin nan rufe *ro tadni* kawai yake yi). Wato ba wanda ya zo, daidai da *no tadni cu klama*.

In *naku* ta tsallake ma'auni, ma'aunin yana juyewa, *ro* ya koma *su'o*, *su'o* ya koma *ro*. Shi ya sa jimlar farko take daidai da *su'o tadni ku naku klama*, akwai ɗalibin da bai zo ba. Gwada da Hausa ka ji: wanda ya ce ba kowa ne ya zo ba, ai ya ce akwai wanda bai zo ba.

Gargaɗi: guji *na* tsirara a jimlar da ke da ma'aunin waje. A ƙa'idar littafin 1997, *na* da ke gaban *selbri* tana kore jimlar gaba ɗayanta, tamkar a goshi take, don haka *ro tadni na klama* na nufin ba kowa ne ya zo ba. Amma da yawa cikin masu magana a yau suna karanta ta a inda take zaune, su fahimci ba wanda ya zo. Jimla ɗaya, masu karatu biyu, ma'ana biyu. Da *naku* ba a samun wannan saɓani.

7. So, buƙata, nema da zato: cikin ɗaki ko tsakar gida

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda ya sa na ƙaunaci harshen.

Koma kan motar da ta mutu a Kawo. Direba ya ce "ina buƙatar makanike". Ka tambaye shi, wanne? Ya ce, kai dai ko wanne ne, in dai ya iya gyara. Wani direban kuma ya ce "ina buƙatar wani makanike", ka ce wanne, ya ce akwai wani a Panteka, shi kaɗai ya san ciwon motar nan. Na biyu yana zancen mutum ne mai rai da za a iya zuwa a kira. Na farko ba ya nufin kowa. Makaniken nasa a cikin buƙatar kawai yake zaune, kuma maganarsa gaskiya ce ko da duk makanikan garin sun tafi biki.

Lojban na raba su da abin da nake kira ɗaki. Kalmomin *nu* (aukuwa), *du'u* (batu), da *ka* (siffa) suna buɗe ƙaramar jimla a cikin babba, *kei* kuma ya rufe ta. Ma'aunin da aka rubuta a cikin ɗaki, huruminsa bai wuce bangon ɗakin ba. Wanda aka rubuta a waje, a tsakar gida yake, yana da'awar cewa abin akwai shi. Da *karce cikre* a matsayin makanike, *nitcu* buƙata, *sidju* taimako:

*mi nitcu lo nu su'o karce cikre cu sidju mi*
Ina buƙatar makanike ya taimake ni, ko wanne.

*su'o da poi karce cikre zo'u mi nitcu lo nu da sidju mi*
Akwai wani makanike da nake buƙatar ya taimake ni.

A hira ta yau da kullum *mi nitcu lo karce cikre* ya wadatar, kuma a nan ne gyarar *xorlo* ta fi amfani, domin a tsohon tsari wannan jimla tana tilasta ma'ana ta biyu. Abin da ba za ka yi ba shi ne *mi nitcu su'o karce cikre* alhali kana nufin ko wanne. Ka sa ma'auni a tsakar gida ke nan.

Tsarin aikin: yi tambayar "wanne?" In amsa "ko wanne" ce, buɗe ɗaki ka sa ma'auni ciki. In amsa suna ce ko kwatance, fitar da shi goshin babbar jimla.

Sai ka duba ƙamus ka ga irin ɗakin da kalmar ke so. *djica* (so) aukuwa take karɓa a gurbi na 2: *mi djica lo nu mi pinxe lo tcati*, ina so in sha shayi. In ba ka son faɗin aikin, *tu'a* na tsaya maka: *mi djica tu'a lo tcati*, ina son wani abu game da shayi, mai shayi ya san sauran. *sisku* (nema) siffa take karɓa, inda *ce'u* ke riƙe wurin mai siffar:

*mi sisku lo ka ce'u cikre lo karce*
Ina neman mai gyaran mota.

Hikimar wannan tana fitowa in abin da ake nema babu shi. Yaron da aka yi wa tatsuniya ya fita neman akuya mai fiffike, *le verba cu sisku lo ka ce'u kanba gi'e se nalci*, inda *gi'e* ke nufin "kuma", *se nalci* mai fiffike. Ka faɗi gaskiya game da yaron ba tare da ka yi shaidar cewa irin wannan akuya tana duniya ba.

A wurin zato abin ya fi nauyi, domin yana taɓa mutuncin mutane. An sace akuya a unguwa. *krici* shi ne yarda da batu, *zerle'a* sata.

*le ninmu cu krici lo du'u su'o prenu cu zerle'a lo kanba*
Matar ta yarda cewa sace akuyar aka yi.

*su'o da poi prenu zo'u le ninmu cu krici lo du'u da zerle'a lo kanba*
Akwai wanda matar take zargi da satar.

Ta farko alhini ce. Ta biyu ita ce ke kai mutane gaban mai unguwa. Wurin zaman *su'o* kaɗai ya raba su.

Gargaɗi na farko: rufe ɗaki in akwai sauran magana. *mi cusku lo se du'u do klama kei le ninmu* na nufin na gaya wa matar cewa ka zo. Cire *kei*, sai *le ninmu* ta faɗa cikin ɗaki ta zama inda ka je: na ce ka je wurin matar.

Gargaɗi na biyu: "na san wanda ya zo" shi ne *mi djuno lo du'u ma kau klama*. In ka bar *kau*, *ma* ta koma tambaya ta gaske, ka zama kana tambayar mai sauraro wane ne ka san ya zo.

8. Gwada kafin ka aika

Fara da manhajar. Ba ma'ana take dubawa ba, baka-baka take zanawa ta nuna me ya shiga cikin me. Duba inda kowane *lo*, *poi* da *nu* ya rufe. Sannan ka rufe Hausarka ta farko da hannu, ka mai da Lojban ɗin Hausa kalma bayan kalma daga hagu, kana cewa "kowane" a wurin *ro*, "akwai" a wurin *su'o*, "ba haka ba ne cewa" a wurin *naku*. Buɗe hannu ka kwatanta. In har yanzu da shakka, zana ƙaramar duniya a takarda, teloli uku a hagu, kekuna biyu a dama, ka ja layuka, ka tambayi kanka a wane zane jimlar take gaskiya, a wanne take ƙarya. Minti biyar ne, kuma ya fi awa guda na gardama.

Ga jimla ɗaya da za ka bi da ita ta duk matakan. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, ka shiga Zango a Tudun Wada, ka ce: kowane mai sayar da rago yana so ya sayar wa wani. *lanme* tunkiya ko rago, *fi* kuma na nuna gurbi na 3 na *vecnu*, wato mai saye. Wurare uku *su'o* zai iya zama.

*ro da poi vecnu lo lanme zo'u da djica lo nu da vecnu fi su'o prenu*

Yana cikin ɗaki. Kowa na fatan ciniki, ko wa Allah ya kawo.

*ro da poi vecnu lo lanme ku'o su'o de poi prenu zo'u da djica lo nu da vecnu fi de*

Ya fito waje, amma yana bayan *ro*. Kowane mai rago yana da nasa mutumin da yake jira, wanda ya saba saye a hannunsa duk shekara.

*su'o de poi prenu ku'o ro da poi vecnu lo lanme zo'u da djica lo nu da vecnu fi de*

Ya sha gaban *ro*. Mutum ɗaya ne, wani Alhaji da ya sauko daga mota, duk masu raguna sun miƙe kowa na kiransa. Rubuta ukun a littafinka, sannan ka ɗauki *naku* ka ajiye ta a goshin kowacce, ka sake ajiye ta daf da *djica*, ka faɗi da Hausa abin da ya faru a kasuwar a kowane karo.